Kalmar da ta fito daga barga

Mai karanta jaridun Turanci ba ya kwana biyu bai ci karo da "curb" ba: gwamnati za ta yi "curb" ɗin tsadar kaya, ko na fasa-ƙwauri. Asalinta kuwa a barga take.

A Ingila ta ƙarni na 15, "curb" sunan wata 'yar sarƙa ce ko tsirkiyar fata da ake ɗaura wa linzami, ta bi ta ƙarƙashin haɓar doki. Mahayi ya ja linzami, ƙarfen baki ya juya, sarƙar ta matse muƙamuƙi, doki ya sassauta gudu. Daga Faransanci aka aro ta, can ma daga "curvus" ta Latin, wato lanƙwasasshe. Ba abin mamaki ba ne, tunda bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a 1066 Faransanci ya daɗe a matsayin harshen fada da na barade.

A ƙarni na 16 ta zama aikatau, kuma ba a jima ba ta bar doki ta koma kan mutum: a ja wa fushi linzami, ko harshe, ko kwaɗayi. Shi ya sa mai fassara ta da "kawar da" yake wuce gona da iri. Dokin da aka ja wa linzami bai daina tafiya ba, rage masa aka yi. "Taƙaita" ta fi kusa.

Gefen titi ma ya gaji sunan. Amurkawa na rubuta shi "curb", mutanen Birtaniya kuma "kerb".