Yadda Ƙananan Likitoci Suka Koyi Tayar da Zuciyar da ta Tsaya

Kafin shekarar 1960, idan zuciyar majiyyaci ta tsaya a asibiti, abin da aka fi dogara da shi shi ne likitan fiɗa ya tsaga ƙirji, ya sa hannu ya riƙa matsa zuciyar. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini ya daina isa gare ta. Don haka wanda abin ya same shi nesa da ɗakin tiyata, da wuya a ceto shi.

Sauyi ya faro ne daga birnin Baltimore na Amurka. A ƙarshen shekarun 1950, Peter Safar da James Elam suka tabbatar da cewa hura iska baki da baki na isar da iskar da ta wadatar zuwa huhu. A 1960 kuma, William Kouwenhoven da Guy Knickerbocker da James Jude na asibitin Johns Hopkins suka wallafa cewa danna ƙirji daga waje kaɗai na iya tura jini cikin jiki. Daga majiyyata 20 da suka bayar da rahotonsu, 14 sun rayu. Jude kansa a lokacin likita ne mai neman ƙwarewa a fannin fiɗa.

Sai wata matsala ta taso: yaya za a koyar? Tsarin horar da likitoci a cikin asibiti, wanda ya kafu a Johns Hopkins ɗin tun 1889, ya ginu ne a kan koyo a bakin gadon majiyyaci. Amma ba a danna ƙirjin mai lafiya don gwaji, domin haƙarƙari na iya karyewa, kuma sa'ar da zuciya ta tsaya ba sa'ar darasi ba ce. Mafita ta zo daga Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Stavanger ta ƙasar Norway, wanda a 1960 ya ƙera mutum-mutumin roba mai suna Resusci Anne.

A 1966 aka fitar da ƙa'idojin farko na bai-ɗaya a Amurka, daga baya horon ya zama sharaɗi a asibitocin koyarwa da dama. Bincike ya nuna cewa gwanintar takan dusashe cikin 'yan watanni idan ba a maimaita ta, shi ya sa ake sabunta horon akai-akai. Dalilin a fili yake: da tsakar dare, ƙaramin likitan da ke bakin aiki ne yakan fara isa gadon, kuma hannunsa ne zai fara aiki kafin manya su ƙaraso.