Daga wasiƙar Lamtuni zuwa digirin digirgir ta intanet

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan uwa masu daraja, akwai tambayar da ta yawaita a ƴan shekarun nan a bakin ɗalibanmu da suka gama digiri na biyu, har da wasu limamai da malaman madarasa. Tambayar ita ce: ya dace mutum ya yi digirin digirgir a jami'ar wata ƙasa alhali yana zaune a garinsu, komai ta intanet? Wasu sun ce wannan karatun banza ne, ilimi sai an durƙusa gaban malami. Wasu kuma sun ce zamani ya sauya, wanda ya tsaya jiran biza da kuɗin jirgi zai tsufa bai yi ba. To, mun ga ya fi kyau mu koma tarihi, domin mas'alar ta girmi intanet da shekaru fiye da dubu.

Asali dai magabata tafiya suke yi. Imamu Buhari ya ambata cewa sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya da ke wajen Abdullahi ɗan Unaisu. Haɗibul Bagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan hijira, littafi sukutum ya rubuta a kan tafiya neman hadisi. Mu ma ƴan mazhabar Malikiyya, Mudawwana da muke tinƙaho da ita ba ta samu ba sai da Sahnun ya taso daga Ƙairawan ya je Misra wajen Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik. Bahaushe ma ya ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Amma saƙon ma malamai ba su yar da shi ba. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 643 bayan hijira, ya ƙidaya hanyoyi 8 na karɓar hadisi a cikin Muƙaddimarsa. Ta farko ji daga bakin malami, ta biyu karanta masa yana saurare. A cikinsu akwai wadda ake kira mukataba, wato malami ya rubuta wa ɗalibi hadisi ya aika masa, ko yana gari ɗaya da shi ko yana wata ƙasa. Mawardi da wasu sun ƙi yarda da ita idan ba a haɗa ta da ijaza ba, amma mafi yawan malaman hadisi sun karɓe ta, kuma a cikin Sahihul Buhari kansa akwai hadisin da Buhari ya ce Muhammadu ɗan Basshar ne ya rubuto masa. Sharaɗin da suka gindaya shi ne wanda aka aika wa ya tabbatar rubutun na malamin ne. Wasu ma suka ƙara tsanantawa suka ce sai da shaida, domin rubutu yana kama da rubutu. Ku riƙe wannan sharaɗin, za mu dawo kansa.

Ƙasashenmu sun daɗe suna cin moriyar wannan hanya. A shekarar 898 bayan hijira, daidai da 1493, wata wasiƙa ta isa Alƙahira wajen Imamu Jalaluddin Suyuɗi daga wani malami na ƙasar Takrur mai suna Muhammadu Lamtuni, wanda wasu masu tarihi ke ganin daga yankin Ayar ya rubuto. Tambayoyi ne a kan halin sarakuna da ƴan kasuwa da malamai da al'adun jama'a. Suyuɗi ya amsa, kuma amsar tana nan cikin littafinsa Alhawi lil Fatawi har yau. Ya kuma rubuta wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha. Bayan shekara ɗari da ƴan kai sai ga shi mu ake aiko wa: mutanen Tuwat suka turo tambayoyi a kan bauta zuwa ga Ahmad Baba na Tambutu, ya amsa musu da littafinsa Mi'irajus Su'ud.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama. Malaminsa Jibrilu ɗan Umar ya je hajji, ya sadu da Murtala Zabidi a Alƙahira, mai littafin Tajul Arus, ya karɓi ijaza a hannunsa. Shi Zabidi, wanda ya rasu a 1791, an san shi da aika ijaza a rubuce zuwa ƙasashe masu nisa. Shehu kuwa ya bi Malam Jibrilu har Agadas, amma ya juyo gida saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Bai taɓa zuwa Misra ko Makka ba har ya koma ga Allah a 1817. Duk da haka isnadin malaman gabas ya iso masa ta hannun malaminsa, ya tattara shi a littafinsa Asanidul Faƙir. Kun ga ke nan rashin halin tafiya bai yanke mutum daga ilimin nesa ba, matuƙar akwai amintacce a tsakani.

Sai dai a nan akwai bambancin da mutane da yawa ke mantawa. Ijaza iri biyu ce. Akwai ijazar ruwaya, wato izinin ka ruwaito littafi kaza daga wane. Wannan an saukaka a cikinta, ana aika ta a wasiƙa, har ƙananan yara an ba. Akwai kuma ijazar karantarwa da fatawa, wadda shaida ce cewa mutum ya fahimta, ya isa a tambaye shi. Wannan ba a ba da ita sai malami ya san ɗalibin, ya jarraba shi. Jami'ar Azhar ta mai da wannan jarrabawa doka a 1872, ɗalibi ya zauna gaban kwamitin shaihunai su yi ta masa tambayoyi kafin a ba shi shahadar alimiyya. Kuma magabata sun yi ta gargaɗi a kan wanda takarda kaɗai ce malaminsa, domin zai karanta kalma a karkace ba mai gyara masa. Karatun Alƙur'ani kuwa, kowa ya sani, daga baki zuwa baki ake ɗaukarsa.

To, ina digirin digirgir ya faɗa a nan? Shi wannan digiri, a sigarsa ta yau, a Jamus ya girma bayan kafa jami'ar Barlin a 1810, inda aka ce sai ɗalibi ya yi bincike na kansa ya kawo abin da ba a riga shi ba. Jami'ar Yale ta Amurka ta fara ba da shi a 1861, Okusfod ta Ingila ta shigo da shi a 1917. A tsarin da jami'o'inmu na ƙasashen renon Faransa ke bi yanzu, shekara 3 ne aƙalla bayan digiri na biyu. Ana naɗa wa ɗalibi malami mai duba aikinsa, ya rubuta kundi, sannan ya tsaya gaban kwamitin malamai, har da na wata jami'a, ya kare abin da ya rubuta. Idan muka auna, wannan ɗan uwan ijazar karantarwa ne, wadda ba a ba da ita sai da gwaji.

Karatun nesa na Turawa shi ma da gidan waya ya fara. A 1858 jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga wanda bai zauna a kwalejojinta ba, a 1865 aka fara zana ta a wajen Ingila, a tsibirin Morishiyas. Mutum zai yi karatunsa a gida, amma jarrabawa iri ɗaya zai zauna da ɗaliban Landan, ana tsaye a kansa. Ta haka malaman makaranta da ma'aikata da yawa a Najeriya da Gana suka sami digiri tun kafin a gina jami'a a ƙasashensu. Jami'ar Afirka ta Kudu da ake kira UNISA ta fara karantarwa ta wasiƙa a 1946, kuma a wajenta Nelson Mandela ya kammala digirinsa na shari'a a 1989 yana tsare. Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969. Abin lura, duk waɗannan sun sassauta wurin zama, amma ba su sassauta jarrabawa ba. Shi ya sa aka girmama takardunsu.

A zamaninmu abubuwa biyu sun ƙara tura mutane wannan hanya. Annobar korona ta 2020 ta rufe jami'o'i, ta sa ɗalibai da yawa suka kare kundinsu ta bidiyo, aka kuma karɓa. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 kuwa ya tarwatsa ɗalibanmu da ke Kartum, wasu ana gab da gamawa. Ga kuma tsadar rayuwa. Limamin da ke da iyali da masallaci da ɗalibai, ina zai bar su ya tafi shekara 4? Ƴar uwarmu mai aure da ƴaƴa, wadda Allah ya hore wa basira, ita ma wannan ƙofa ce da aka buɗe mata. Akwai ma fa'idar da ba a cika faɗa ba. Wanda zai yi bincike a kan malaman Agadas ko rubutun ajami, kayan aikinsa a nan suke, a gidajen malamai da kuma sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, wanda marigayi Bubu Hama ya fara tara littattafansa. Zamansa a gida ya fi masa amfani a kan zama a Turai.

Amma fa inda aka sami kasuwa, ɓarayi ba sa nisa. A 2015 wata jaridar Amurka ta tona asirin wani kamfani a birnin Karachi na Pakistan da ya ƙirƙiri ɗaruruwan jami'o'in ƙarya a intanet yana sayar da digiri. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Najeriya ya bayyana yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa a watan Janairu na 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Binin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can su ma abin ya shafe su. Wannan shi ne rubutun da yake kama da rubutu, wanda malaman hadisi suka ji wa tsoro. Mutum ya sayar da gona ko ya ci bashi, a ƙarshe a ba shi takardar da ba ta da isnadi. Mafi muni kuma, ya hau mumbari da sunan dakta, jama'a su riƙa ɗaukar addininsu a hannunsa.

Saboda haka duk ɗan uwan da ya ƙuduri wannan karatu, muna roƙonsa ya yi abin da magabata suka yi, ya binciki isnadi kafin ya biya ko dala. Ya tabbatar hukumar ilimi ta ƙasar da jami'ar take ta san da ita, kuma ta ba ta izinin ba da digirin digirgir daga nesa, domin izinin digiri na farko daban ne. Ya je ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarsa ya tambaya ko za a karɓi takardar idan ya gama. Mu na ƙasashen renon Faransa muna da hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta yana Wagadugu, tana da jerin digirorin da ta amince da su. Sannan ya nemi sanin malamin da zai duba aikinsa: wane ne shi, me ya rubuta, sau nawa za su gana, zai karanta babi ya mayar da gyara? Ya tambayi yadda ake kare kundi da kuma su wa ke zama. Idan aka ce masa wai shekara guda ta isa, ko ba sai ya kare komai ba, ko aka fi damuwa da kuɗinsa a kan maudu'insa, to ya kama gabansa. Araha ba ta ado.

Wani abu kuma da intanet ba za ta ba shi ba shi ne zama da mutane. Wanda ke karatu shi kaɗai a ɗaki, ga ɗaukewar wuta, ga hidimar gida, yana saurin karaya. Shawararmu ita ce ya riƙe malami na kusa, a jami'ar garinsu ko a zaure, wanda zai riƙa karanta masa abin da ya rubuta, kamar yadda Shehu ya riƙe Malam Jibrilu. Ladabi da tsoron Allah a fatawa a gaban irin waɗannan ake koyonsu. Ku kuma ƙananan ɗalibanmu na madarasa, kada wannan zance ya ɗauke muku hankali daga Ahalari da Ishmawi da Ajurumiyya. Lamtuni bai iya rubuta wa Suyuɗi tambaya ba sai da ya ƙoshi da karatun gida.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga neman suna da abin da ba mu mallaka ba, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Wallahu a'alam.