Maganin Kariya na Gaggawa Daga Ƙwayar HIV: Awa 72 da Kwana 28

Akwai maganin da ake bai wa wanda ake tsoron ƙwayar HIV ta shiga jikinsa, domin a tare ta kafin ta zauna. Likitoci suna kiransa PEP. 'Yan uwanmu da ke Khartum da Omdurman, mazauna da ɗalibai, sun fi kowa buƙatar saninsa a wannan lokaci, kuma mu ma da ke Kano ko Maraɗi bai kamata mu jahilce shi ba.

Yadda yake aiki

Ƙwayar HIV ba ta mamaye jiki nan take. Tana ɗaukar 'yan kwanaki tana hayayyafa a wurin da ta shiga kafin ta bazu cikin jini. A wannan ɗan tsakanin ne maganin ke hana ta hayayyafa. Saboda haka sharuɗɗansa biyu ne: a fara shi cikin awa 72, an fi so ma cikin awa 24 na farko, sannan a sha kullum har kwana 28 ba fashi. Idan awa 72 ta wuce ba a sa ran zai yi amfani, amma duk da haka a je asibiti domin gwaji da sauran kulawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi zaɓar haɗin magani uku, wato tenofovir da lamivudine da dolutegravir, galibi a ƙwaya ɗaya sau ɗaya a rana. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997 ya nuna cewa ma'aikatan lafiyar da allura mai ɗauke da jinin mai cutar ta soke su, waɗanda suka sha zidovudine haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100.

Wa ya kamata ya nema?

Wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda aka yi wa; ma'aikacin lafiya ko ungozoma da allura ta soka, ko jini ya fallatsa masa a ido ko a rauni; wanda ya yi tarayya da wani a allura; da wanda ya sadu da mai ɗauke da ƙwayar ba tare da kariya ba. Wanda aska ko kayan ƙaho da aka yi wa wani aiki da su suka yanka, ya gaya wa likita ya auna girman haɗarin. Musafaha da cin abinci a kwano ɗaya da cizon sauro ba sa yaɗa cutar.

Idan rauni ne, a wanke da ruwa da sabulu, kada a matsa shi. A asibiti za a yi gwaji tun farko, domin wanda yake ɗauke da ƙwayar tun da can magani na dindindin yake buƙata. Sai a maimaita gwajin bayan wata uku. Wasu kan ji tashin zuciya ko kasala ko ciwon kai, kuma wannan ba dalilin dainawa ba ne. Mai ciki da mai shayarwa suna iya sha.

Halin da ake ciki a Khartum

Bayan da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilu 2023, yawancin asibitocin babban birnin sun daina aiki a lokacin. Asibitin Al-Nau a Omdurman ya kasance cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da karɓar marasa lafiya, da tallafin ƙungiyar likitoci ta MSF. A watan Yuli na 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yawaitar fyaɗe a Khartum da Omdurman da Bahri, da yadda matan suka rasa kulawar gaggawa. A wannan watan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jagorarta, ta ba da shawarar a riƙa samar da maganin a cikin unguwanni, ta hannun ma'aikatan da aka horar, ba sai a manyan asibitoci kaɗai ba. Don haka limami ko shugaban ɗalibai ya binciki cibiyar da ke da maganin a kusa da shi tun kafin buƙata ta taso.

Abin da ya shafi shari'a

Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Malamai sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta ba ta da zunubi kuma babu haddi a kanta. Laifin yana wuyan azzalumin. Iyayen da suka kulle yarinya a ɗaki kwana uku don gudun surutun mutane sun cinye mata lokacin da za a cece ta. Ana iya rufa mata asiri kuma a kai ta asibiti a daren, domin likita amintacce ne a kan sirrin majinyaci. Wanda kuma ya faɗa cikin saɓo da ganin damarsa, ya tuba ga Allah ya nemi magani, kada ya kai wa iyalinsa cuta.

Idan abin ya faru da rana a cikin Ramadan, kada a jira faɗuwar rana: a sha ƙwayar farko, a rama azumin daga baya. Sauran kwanakin sai a shirya da likita a mayar da sha zuwa dare.

Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, Ya kare mu da zuriyarmu. Wallahu a'alam.