Yadda Kifin Katako Ya Shiga Teku

Duk wanda ya taɓa yin fatsa a Kogin Mariga ko a madatsar ruwa ta Bagoma, can Birnin Gwari, ya san aikin daga ƙoto yake farawa. Sai an tono tana, ko an samo gara, ko an kamo 'yan ƙananan kifaye, kafin a yi maganar jefa ƙugiya. Mai jera ƙugiyoyi barkatai a igiya guda kuwa, tasa wahalar ta fi. Irin wannan wahala ce ta haifar da siririn kifin ƙarya da yau ake kama manyan kifayen teku da shi.

Tun ƙarni na 19 masu fatsa a Ingila suna da kifin ƙarfe mai juyawa cikin ruwa, a Amurka kuma James Heddon na jihar Michigan ya fara sayar da na katako a farkon ƙarni na 20. Amma wanda ya ba abin siffar da aka sani yanzu wani talakan masunci ne a ƙasar Finland, Lauri Rapala, da ke su a Tafkin Päijänne. Ba don nishaɗi yake su ba, iyali yake ciyarwa. Ya lura cewa idan babban kifi ya afka wa garken ƙanana, ba kan mai uwa da wabi yake yi ba. Wanda ya ji rauni yake tangaɗi, shi yake zaɓa. A 1936 sai ya ɗauki wuƙar dukanci ya sassaƙa ɗan kifi daga ɓawon itace marar nauyi, irin wanda ake toshe kwalba da shi. Ya naɗe shi da takarda mai sheƙi ta cakulan, ya narkar da tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga, tunda kuɗin fenti sun fi ƙarfinsa. Hikimar tana ga ɗan leɓen da ke ƙarƙashin bakin: idan aka ja igiya, shi ke sa kifin ya nutse yana karkaɗa jiki kamar majinyaci.

Sai da ya tsallaka Amurka ya yi suna. A watan Agustan 1962 mujallar Life ta buga labarinsa, aka kuma yi katari fitowar ce mai ɗauke da hoton tauraruwar fim Marilyn Monroe a bango bayan rasuwarta. Mujallar ta yi kasuwa, 'yar masana'antar iyalin Rapala ta rasa yadda za ta yi da masu nema.

Teku kuwa wata duniya ce. Gishiri na cinye ƙugiya, kifayenta na da haƙoran da ke ragargaza itace mai laushi, ga shi ana jan ƙoton ne a bayan jirgi mai gudu. Don haka a ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya fito da samfurin Magnum, mai tsawo da ƙarfi. Wani abin da ba kowa ya sani ba: mai nutsewa daga cikinsu da katakon obeche ake yin sa, itacen da ke fitowa a dazukan kudancin Najeriya da Ghana da Kamaru. Daga baya roba ta shigo, Japan da Sin suka cika kasuwa da nasu.

Kifayenmu ma kifin ƙaryar yana cin su. Masu yawon buɗe ido na kama giwan ruwa da shi a Tafkin Nasser na Masar, tsage ma ba ya ƙyale shi. To me ya hana shi karɓuwa wajen masuntanmu? A ganina lissafi ne kawai. Kifi ɗai-ɗai yake kamawa, alhali mai birgi ko gura yawa yake nema don ya kai kasuwa. Kuɗin guda ɗaya zai sayi ƙugiyoyi masu yawa, kuma saiwa ɗaya a gindin ruwa ta isa ta raba ka da shi. Sannan dabarar ta fi dogara ne ga idon kifi. Da damina rafukan dajin Kamuku na Birnin Gwari jajur suke da laka, tarwaɗar da ke cikinsu kuwa da ƙanshi da gashin baki take neman abinci, sheƙin takarda bai dame ta ba.