Mariah Carey da rangadin Kirsimeti: waƙa ɗaya mai cin kasuwa kowane Disamba

Mariah Carey mawaƙiya ce Ba'amurkiya, haifaffiyar jihar New York a shekarar 1969. Ta fitar da faifanta na farko a 1990, kuma tun a wancan lokaci aka san ta da murya mai iya hawa sama sosai. Sai dai abin da ke dawo da sunanta bakin jama'a a kowane ƙarshen shekara shi ne rangadin wasanni da take yi a lokacin bikin Kirsimeti, wanda a nan ake ce ma Nowel, a cikin Amurka da ƙasashen waje.

Tushen rangadin waƙa ce guda, "All I Want for Christmas Is You", wadda ta rubuta tare da Walter Afanasieff, ta fito a 1994 cikin faifanta na waƙoƙin Kirsimeti. Waƙar soyayya ce, ba ta coci ba, shi ya sa har waɗanda ba ruwansu da addini suke saurarenta a kantuna da gidajen rediyo na Turai da Amurka.

Ba nan take ta kai ƙololuwa ba. A 1994 dokar jadawalin Billboard Hot 100, wanda ke auna farin jinin waƙoƙi a Amurka, ba ta ƙidaya waƙar da ba a sayar da ita a faifai na daban ba. Daga baya aka canza dokar, aka fara lissafa saurare ta intanet, aka kuma ba tsofaffin waƙoƙi damar komowa cikin jerin. A Disamban 2019, shekara 25 bayan fitowarta, waƙar ta hau mataki na ɗaya a Amurka. A Ingila sai Disamban 2020. Mujallar The Economist ta ƙiyasta a 2017 cewa waƙar ta riga ta samar da fiye da dala miliyan 60, wato sama da miliyar 30 na sefa. A 2023 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka ta cikin kundin sautukan da ake adanawa don tarihi.

Wasannin kansu sun fara ne da ƙanƙanta. A Disamban 2014 ta yi dare shida a zauren Beacon da ke birnin New York, wanda bai kai ɗaukar mutum 3,000 ba. Ta maimaita a shekarun da suka biyo, sannan a Disamban 2017 ta tsallaka teku: Paris, Manchester da Landan, cikin manyan zaurukan da wasu ke cin kusan mutum 20,000. A 2018 rangadin ya faɗaɗa, ya ratsa Norway, Jamus, Faransa, Ingila, Beljiyam, ya ƙare a Madrid ta ƙasar Sipaniya. Bayan tsaikon annobar korona ta komo a 2022 da wasanni a Toronto ta Kanada da New York, a 2023 da 2024 kuma ta zagaya birane da yawa na Arewacin Amurka.

Tsarin wasan bai cika canzawa ba. Akwai katuwar bishiyar Kirsimeti a dandamali, da ƴan rawa, da ƴan amshi irin na cocin baƙaƙen fatar Amurka. Takan fara da waƙoƙin bikin, ta sako kaɗan daga cikin sanannun waƙoƙinta na soyayya, ta ajiye babbar waƙar sai ƙarshe. Ƴan kallo sun san haka tun kafin su sayi tikiti, kuma abin da suka zo nema ke nan.

Matsalar irin wannan rangadi ita ce ƙurewar lokaci. Kasuwarsa sati bakwai ce zuwa takwas, daga farkon Nuwamba zuwa 25 ga Disamba, kamar dai tela da ke jiran goman ƙarshe na azumi. Mawaƙin da ya soke wasa a watan Mayu yana iya ɗaga shi zuwa Satumba. Wasan Kirsimeti kuwa ba mai zuwa kallonsa a Janairu. Ga shi kuma lokacin hunturu ne a can, lokacin mura, jarin mawaƙiya kuwa maƙogwaro ne. A 2017 ciwon hanyoyin numfashi ya sa ta soke wasannin farko. A Disamban 2024 mura ta sake kama ta, ta soke wasan Pittsburgh ana saura sa'o'i kaɗan a fara, sannan wasu biyu suka bi baya. Duk daren da ya faɗi haka, ba ita kaɗai ke asara ba: akwai makaɗa, masu haske da sauti, direbobin manyan motocin kaya, da waɗanda suka biya kuɗin jirgi da masauki don zuwa kallo.

Inda kuɗi ya taru, rigima ba ta nisa. Kamfaninta ya nemi a yi mata rajistar laƙabin "sarauniyar Kirsimeti" a matsayin tambarin kasuwanci, wata mawaƙiya mai suna Elizabeth Chan, wadda ita ma waƙoƙin Kirsimeti ne sana'arta, ta ƙalubalanci buƙatar, hukumar rajista ta Amurka kuma ta yi watsi da ita a Nuwamban 2022. A gaskiya neman mallake laƙabin ya yi kama da zari, tunda jama'a sun riga sun ba ta shi kyauta. Wani mawaƙi, Andy Stone, wanda aka fi sani da Vince Vance, ya kai ta kotu yana cewa ta kwaikwayi waƙarsa ta 1989 mai suna iri ɗaya. Alƙaliyar wata kotun tarayya a Los Angeles ta kori ƙarar a Maris na 2025.

A kowace ranar 1 ga Nuwamba Mariah Carey kan saki ɗan gajeren bidiyo a shafukanta na sada zumunta, tana shelar cewa lokacin ya zo. Daga ranar ne alƙaluman sauraren waƙar ke fara hawa, su kai ƙoli a ranar jajibirin Kirsimeti, su faɗi warwas kafin a shiga sabuwar shekara.