Kabu-kabu a yankin Isa da Sabon Birni

Kabu-kabu sana'a ce ta ɗaukar fasinja ko kaya a kan babur a biya kuɗi. Da wannan suna aka fi sanin ta a jihar Sakkwato da kudancin Jamhuriyar Nijar. A ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, waɗanda ke gabashin jihar Sakkwato a cikin tsohuwar ƙasar Gobir, babur ne abin hawan da ya fi haɗa ƙauyuka da garuruwa, domin galibin hanyoyin karkara ba su da kwalta, kuma mota ba ta iya bin su da damina. Ɗan kabu-kabu a wannan yanki yana kai mutum kasuwa da asibiti da gona, yana kuma yi wa baƙo jagora. Tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a yankin daga wajen shekarar 2019, sana'ar ta shiga tsaka mai wuya, saboda irin babur ɗin da talaka yake neman abinci da shi, da shi ne maharan suke kai hari.

Suna da kalmomin sana'a

Sunan wannan sana'a ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Kano da kewayenta ana ce mata acaɓa, a kudancin Najeriya kuma okada, sunan da ya samo asali daga wani kamfanin jiragen sama mai ɗauke da sunan garin Okada na jihar Edo. A kudancin ƙasar, kalmar kabu-kabu tana nufin motar gida da mai ita yake ɗaukar fasinja da ita ba tare da rajistar haya ba, amma a Sakkwato ma'anarta ta tsaya a kan babur. Shi kansa babur ana kiran sa mashin, a tsallaken iyaka kuma moto, wadda aka aro daga Faransanci.

Masu sana'ar suna da kalmomin da suka saba da su. Goyo shi ne ɗaukar mutum a bayan babur, don haka goyon biyu yana nufin fasinja biyu ban da matuƙi. Lodi shi ne kayan da aka ɗaure a kan kariya. Balas shi ne kuɗin da matuƙi yake kai wa mai babur kullum ko mako-mako idan abin hawan ba nasa ba ne. 'Yan bumburutu su ne masu sayar da fetur a kwalba ko galan a bakin hanya.

Hausar da ake yi a yankin tana cikin karorin yamma, wato dangin Sakkwatanci da Gobiranci. Inda daidaitacciyar Hausa take da tafiya da fadama, mutanen yankin sukan ce tahiya da hwadama. Haka kuma harafin mallaka na mace yakan rikiɗe ya koma irin baƙin da ke bin sa, sai a ji hanyas Sakkwato da hanyab birni maimakon hanyar Sakkwato da hanyar birni.

Yanayin ƙasa

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Sabon Birni tana da mutum 207,599, Isa kuma 146,103. Sabon Birni ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa da gabas, Isa kuma ta yi iyaka da Shinkafi ta jihar Zamfara. Tsakanin garuruwan biyu akwai tazarar kimanin kilomita 40, Isa ce a kudu.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, mai jigawa da rairayi a tudu, da laka a fadama. Gulbin Bunsuru da na Gagare da na Maraɗi duk suna zuba a Gulbin Rima, wanda ya ratsa yankin ya nufi madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984. A tudu ana noma gero da dawa da wake, a fadama kuma shinkafa da albasa da sauran kayan lambu.

Kowane lokaci na shekara da irin wahalar da yake kawo wa mai babur. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, gulabe suna cika, mashigai suna rufewa, laka tana riƙe taya. A wasu wurare sai an ɗora babur a cikin kwalekwale an ƙetarar da shi. Da hunturu ƙura da hazo suna rage gani, sanyin asuba kuma yana daskarar da hannu. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, rairayi ya yi laushi har taya ta riƙa nutsewa.

Tarihi

Hanyoyin da babura suke bi a yau sun girmi babur nesa ba kusa ba. Alƙalawa, wadda kufanta yake cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, ita ce babban birnin Gobir tun daga tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarki Babari, kuma a nan Bawa Jangwarzo ya yi sarauta. Birnin ya faɗa hannun mayaƙan jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello a 1808, inda aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan sarautar, ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba ƙasar Gobir gida biyu. Tsibiri ta faɗa ɓangaren Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Najeriya. Zumunci da auratayya da cinikayya ba su yanke ba, kuma tsofaffin turakun da fatake suka bi da jakai da raƙuma su ne suka zama hanyoyin keke, daga baya na babur.

Hayar babur ta bazu a Najeriya a shekarun 1980 da 1990, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, sayen mota ya gagari mutane da yawa. Shigowar babura masu araha daga Sin da Indiya a shekarun 2000 ta kai sana'ar har ƙananan ƙauyuka.

Hanyoyi

Manyan hanyoyi uku ne suke haɗa yankin da sauran wurare. Ta farko ta taso daga Sakkwato ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, sannan ta gangara kudu zuwa Isa. Ta biyu ta rabu daga Marnona ta ratsa dajin Gundumi zuwa Isa, kuma ita ce mafi kusa tsakanin Isa da Sakkwato. Ta uku ta tashi daga Isa zuwa Shinkafi da Ƙauran Namoda har Gusau.

Daga waɗannan manyan hanyoyi ne hanyoyin burji da turaku suke rarrabuwa zuwa garuruwa irin su Gatawa da Kurawa da Unguwar Lalle da Tsamaye da Makuwana da Lajinge a ɓangaren Sabon Birni, da Turba da Tozai da Gebe da Bargaja da Tidibale da Bafarawa a ɓangaren Isa. A nan aikin kabu-kabu ya fi yawa. Mota takan sauke fasinja a tasha ko a kwana, babur ya ƙarasa da shi gida. Ta arewa da gabas kuma akwai turaku masu shiga yankunan Gidan Rumji da Madawa na Nijar.

Tafiyar yini da jagoranci

Baƙon da ya zo yankin, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin lafiya ko ɗalibi mai bincike, yakan ɗauki shatar babur na yini guda maimakon ya riƙa hawa yana sauka. A irin wannan tafiya matuƙi shi ne ɗan jagora. Shi ya san mashigin da za a iya ƙetarewa da wanda ruwa ya cinye, ya san inda ake samun mai faci, ya san gidan mai gari a kowane ƙauye. Akan daidaita kuɗi tun kafin a tashi, a kuma fayyace wanda zai sayi mai.

Galibi ana tashi da hantsi, bayan an ga waɗanda suka fito daga wancan ɓangare an tambaye su lafiyar hanya. Ana son a juyo kafin la'asar, domin kada dare ya riski mutum a daji. Ranakun kasuwa, kamar Alhamis a Shinkafi da Lahadi a Goronyo, babura sukan tafi a jere, saboda tafiya cikin ayari ta fi kwanciyar hankali.

Wanda ya bi hanyar da kaka zai ga dammunan gero jingine a gonaki, da rumbunan laka a gefen gidaje. Da rani fadamar Rima takan yi kore shar da albasa alhali tudu ya bushe. Kufan Alƙalawa yana daga cikin wuraren da masu sha'awar tarihin Gobir suke ziyarta, sai dai rashin tsaro ya rage irin wannan ziyara ƙwarai.

Babura da tattalin arziki

Baburan da aka fi gani su ne Bajaj Boxer na Indiya, da samfuran Honda, da na Sin irin su Jincheng da Haojue. Ana son su ne saboda ba su shan mai da yawa, kujerarsu tana da tsawo, kuma kayan gyaransu suna samuwa a kowace kasuwa. Babur ɗaya yakan ɗauki buhun hatsi ko na albasa, ko akuya a ɗaure, ko jarkokin ruwa. Sana'ar tana ciyar da makanikai da masu faci da masu sayar da kayan gyara da 'yan bumburutu. Matuƙa da yawa manoma ne, suna komawa gona da damina su dawo kan babur da rani. A matakin ƙasa, ƙungiyar ACOMORAN ce take wakiltar masu hayar babur.

Kuɗin hawa yana bin farashin fetur, shi kuma fetur a bakin iyaka yana bin siyasa. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma a Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka farashinsa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Kowanne daga cikin waɗannan matakai ya shafi abin da fasinja yake biya da abin da matuƙi yake komawa gida da shi.

Tsaro da dokoki

Isa da Sabon Birni suna daga cikin wuraren da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa a jihar Sakkwato. A ƙarshen Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A Disamban 2021 aka ƙone wata motar fasinja a kusa da Gidan Bawa, a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, fiye da mutum 20 suka rasu. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Dubban mutane sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi ta Nijar da garuruwan da suka fi samun tsaro.

Da yake maharan a kan babura suke tafiya, matakan gwamnati da yawa a kan babur suka faɗa. A Satumban 2021 gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana ɗaukar mutum uku a babur, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A cikin watan ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Masu goyon bayan matakan sun ce za su toshe wa maharan hanyar samun mai da bayanai. Masu suka kuwa sun ce talakan ƙauye ne ya fi jin jiki, tunda da babur yake kai mara lafiya asibiti, da waya kuma yake jin labarin hanya. Irin wannan muhawara ta taɓa tasowa a Kano, inda aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero.

Ɗan kabu-kabu yana fuskantar barazana ta fuska biyu. Maharan sukan tare shi su ƙwace babur, wani lokaci ma sukan nemi sababbin babura a cikin kuɗin fansa. A shingayen bincike kuma yakan sha tambayoyi saboda zargin kai wa 'yan bindiga mai ko abinci.

Haɗurra da lafiya

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano daga 1 ga Janairu 2009, amma a karkara ba kasafai ake ganin mai sanye da ita ba. Abubuwan da suka fi jawo haɗari su ne lodi fiye da kima, da gudu, da ramukan hanya, da santsin rairayi, da dabbobin da ke ƙetare titi. Duk da haka, a ƙauyukan da mota ba ta shiga, babur ne yake kai mai naƙuda ko wanda maciji ya sara zuwa asibitin Isa ko na Sabon Birni. Akan zaunar da mara lafiya a tsakiya, wani ɗan'uwa ya riƙe shi ta baya, abin da ya sa dokar hana goyon biyu take da wuyar bi a irin wannan hali.

Makamantanta a wasu ƙasashe

Hayar babur tana da sunaye daban-daban a duniya: boda-boda a Yuganda da Kenya, zemijan a Jamhuriyar Benin, ojek a Indonesiya. A Biyetnam, matuƙan babur suna goya 'yan yawon buɗe ido na yini guda a kan hanyar Hai Van, mai bi ta kan duwatsu a gaɓar teku tsakanin biranen Hue da Da Nang. Jagorancin da ɗan kabu-kabu yake yi wa baƙo a ƙasar Gobir ya yi kama da wannan ta fuskar sanin hanya, sai dai a nan yawancin fasinjoji kasuwa ko asibiti ko zumunci ne yake fito da su.