Mallakar Littafi: Daga Gafaka Zuwa Na'ura

A zamanin Daular Usmaniyya, mai son littafi hanya biyu gare shi: ko dai ya ara ya kwafa da hannunsa, ko ya biya wani ya kwafa masa. In an kammala, akan rubuta sunan wanda ya kwafa da na mai littafin a shafin ƙarshe, a ɗaure warƙoƙin cikin tadarishi, a sa a gafaka. Daga ranar littafin ya zama dukiya, watau ana ba da aronsa, ana sayarwa, ana raba shi cikin gado. Izinin da aka sani a lokacin shi ne ijaza, wadda malami ke ba almajirinsa don ya karantar. Ba ta shafi takardar ba ko kaɗan.

Da masu bincike suka fara tattara tsofaffin rubuce-rubuce, wannan al'ada suka tarar. A shekarar 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ƙarƙashin Abdullahi Smith. Galibi aro suke yi, su ɗauki hoton warƙoƙin, su mayar wa masu su. Wazirin Sakkwato Junaidu na cikin waɗanda suka buɗe taskarsu ga masu bincike, littattafansa kuma ba su fita daga mallakarsa ba. Amma ba kowace taska ce ta zauna gida ba. Ta Alhaji Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, mai ɗauke da rubuce-rubuce sama da 3,000, ta koma Jami'ar Northwestern a Amurka.

Littafin na'ura ne ya juya al'amarin. Wanda ya biya kuɗinsa a manyan kamfanoni, galibi izinin karatu kurum ya saya, ba shi da ikon sayarwa ko barin gado. A Yulin 2009 kamfanin Amazon ya goge littattafai biyu na George Orwell daga na'urorin Kindle na waɗanda suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu, domin wanda ya sa su kasuwa ba shi da haƙƙinsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Ɗalibin Sakaba ko Zuru da ya sayi bugun takarda na wannan fassara, sai dai gara ko gobara su raba shi da shi.